KOWA DA LITTAFINSA: BAYANI A KAN HARSHEN JAVA

A zangon da ya wuce wani tsohon ɗalibinmu da ke karatun kwamfuta a jami'a ya shigo ɗakin malamai ya gaishe mu. Da na tambaye shi yaya karatu, sai ya ce ya ci jarrabawar harshen Java, amma har yanzu bai ga amfanin abin da ya haddace ba. Ya jero mini manyan kalmomin Turanci huɗu a kan yatsunsa, tiryan-tiryan. Da na ce to ya ba ni misalin guda ɗaya daga rayuwar makaranta, sai ya hau sosa ƙeya. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in yi wa ƙannensa bayani tun kafin su kai can, da harshen da muke ji a gida. Ni malamin lissafi ne, kuma da girmana na koyi wannan harshe, saboda haka na san wuraren da mai koyo yakan yi tuntuɓe.

Da farko dai, kwamfuta ba ta da dabarar kanta. Abin da aka umarce ta shi take yi, ko daidai ne ko kuskure. Jerin umarnin da ake rubuta mata shi ne furogiram, kuma akwai harsuna da yawa na rubuta shi. Idan furogiram gajere ne babu wata wahala. Wahala tana zuwa ne sa'ad da ya yi tsawo, ya kai layi dubu ɗari ko fiye, mutane ashirin suna aiki a kansa, wasunsu ma sun bar aikin tun da daɗewa. A nan tambayar da take tashi ita ce, wa yake da ikon taɓa me?

Bari in ba ku labari. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, littafin kuɗin makaranta a kan tebur yake zaune a buɗe. Ma'aji yana rubutu a ciki, akawu yana rubutu, wani lokaci mataimakin shugaba ma yakan karɓi kuɗi ya rubuta. Wata rana aka kori wani yaro gida a kan bai biya ba, alhali mahaifinsa ya sayar da buhun masara ya biya tun farkon zango. An rubuta kuɗin a layin wani yaro mai suna irin nasa. Aka yi mako biyu ana bincike, domin rubutun hannu uku ne a shafin, kowa yana cewa ba shi ba ne. Yaron kuwa ya rasa gwaji biyu. Bayan haka aka kafa doka: littafin yana wurin ma'aji, a kulle. Mai biya ya je wurinsa, mai son sanin bashin wani ya tambaye shi. Tun daga ranar, in an sami kuskure an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Tsofaffin furogiram da yawa kamar wancan littafi suke. Bayanai suna zube a fili, kowane sashe na furogiram yana iya karanta su ya kuma canza su. Duniya ta ɗanɗana kuɗar wannan gab da shekarar 2000. Masu rubuta furogiram na dā sukan rubuta shekara da lamba biyu kawai don tsimin wuri, wato 85 a maimakon 1985. Da 2000 ta ƙarato sai aka ga kwamfuta za ta iya ɗaukar 00 a matsayin 1900, lissafin banki da na fansho ya rikice. Gyaran kansa ba wuya, amma lissafin kwanan wata ya warwatsu a dubban wurare cikin kowane furogiram, sai an bi layi-layi an nemo su. An ƙiyasta cewa Amurka kaɗai ta kashe wajen dala biliyan 100 a kan wannan aiki. Da a ce sashe ɗaya ne tak yake riƙe da sha'anin kwanan wata, sauran suna tambayarsa, da aikin ya ragu ƙwarai, ko da yake da sauran tsofaffin bayanan da aka riga aka adana.

Dabarar raba furogiram zuwa sassa masu riƙe da littafin kansu ta fito ne daga ƙasar Norway. A birnin Oslo, a Cibiyar Lissafi ta Norway, mutane biyu, Kristen Nygaard da Ole-Johan Dahl, suka fara ƙirƙiro wani harshe mai suna Simula a 1962. Bukatarsu ita ce su kwaikwayi al'amuran duniya a cikin kwamfuta. A ce ana so a san ko tashar jiragen ruwa za ta cunkushe in aka ƙara jirage goma a mako. Kowane jirgi yana da nauyinsa, da saurinsa, da lokacin isowarsa, yana kuma da abin da yake yi: ya jira, ya shigo, ya sauke kaya, ya fita. Sai suka ga hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa bayanin jirgi da ayyukan jirgi a ƙunshi ɗaya. Wannan ƙunshi shi ake kira abu. A 1967 suka fitar da Simula 67, wanda a cikinsa ne kusan dukan abin da zan bayyana a ƙasa ya fara bayyana. An ba su lambar yabo ta Turing ta shekarar 2001, wadda ita ce mafi girma a fannin kwamfuta, su biyun kuma suka rasu a 2002, mako shida kacal a tsakaninsu. Wannan salo na gina furogiram da abubuwa shi ne littattafan Turanci suke taƙaitawa da haruffa uku, OOP.

To, mene ne abu? Abu yana da fuska biyu: abin da ya sani, da abin da ya iya yi. Ɗalibi a cikin furogiram ɗin makaranta ya san sunansa da bashin da ake binsa. Ya iya karɓar biya, ya iya faɗin sauran bashi. Amma ba za mu zauna mu bayyana kowane ɗalibi daga tushe ba, in muna da ɗari shida. Sau ɗaya za mu bayyana yadda ɗalibi yake, sa'an nan mu yi ta fitar da ɗalibai daga wannan bayani. Kalmar da Java take amfani da ita ga wannan bayani ita ce class, wadda kuka saba fassarawa da aji. Ku yi hankali a nan, domin ajinmu na makaranta taron mutane ne, na Java kuwa babu kowa a cikinsa. Ya fi kama da akwatin buga bulo. Akwati ɗaya ne, bulo dubu, kuma ba wanda yake gina ɗaki da akwatin. Don gudun rikicewa zan kira shi nau'i. Ga yadda ake rubuta shi:

class Ɗalibi {
    private String suna;
    private int bashi;

    Ɗalibi(String s, int b) {
        suna = s;
        bashi = b;
    }

    void biya(int kuɗi) {
        if (kuɗi > 0 && kuɗi <= bashi) {
            bashi = bashi - kuɗi;
        }
    }

    int sauranBashi() {
        return bashi;
    }
}

Kada baƙin kalmomin su tsorata ku. String na nufin rubutu, int cikakkiyar lamba, void kuwa yana nuna aikin ba ya dawo da wata amsa. Sauran sunayen duk ni na zaɓa, kuma Java tana karɓar haruffanmu masu ƙugiya, ɗ da ƙ da ɓ, ba ta ƙi. Layi biyun farko su ne abin da ɗalibi ya sani. Sashen da yake da suna ɗaya da nau'in shi ne magini, wanda yake aiki sau ɗaya a lokacin da aka yi sabon abu, ya cika masa bayanansa na farko. Biyun ƙarshe su ne ayyukansa. Yanzu sai mu buga bulo:

Ɗalibi ladi = new Ɗalibi("Ladi", 40000);
ladi.biya(15000);

Kalmar new ita ce take haifar da abu. Layi na biyu saƙo ne ga wannan abu: karɓi naira 15,000. Idan muka tambaye shi sauranBashi zai ce 25,000. In muka yi wani ɗalibi, Bitrus, shi ma yana da nasa suna da nasa bashi, biyan Ladi bai shafe shi ba.

Akwai wani rami a nan da na faɗa ciki da kaina. Kalmar ladi da ke hannun hagu ba ita ce abun ba, suna ne kawai mai nuna inda abun yake. A ce a gida ana kiran Ladi da Auta, sai muka rubuta Ɗalibi auta = ladi. Mai koyo yakan zaci yanzu ɗalibai biyu ne. A'a, yarinya ɗaya ce mai suna biyu. In Auta ta biya 5,000, bashin Ladi ya koma 20,000. Hanyar ganewa ita ce ka ƙirga sau nawa aka rubuta new, adadin abubuwan ke nan. Haka kuma ana iya samun suna wanda ba ya nuna kowa, abin da Java take kira null. In ka aika saƙo ga irin wannan suna furogiram yakan tsaya cak da kuskure. Wani masani ɗan Ingila, Tony Hoare, wanda ya shigo da wannan dabara cikin wani harshe a 1965, ya fito a 2009 ya amsa cewa kuskure ne da ya jawo asarar da ta kai dala biliyan guda.

Yanzu ku koma ku dubi kalmar private da ke gaban suna da bashi. A ganina ita ce kalma mafi muhimmanci a shafin nan. Ita ce makullin ma'aji. Ma'anarta, babu wani sashe na furogiram a wajen wannan nau'i da zai iya sa hannu ya canza bashi. In wani ya gwada rubuta ladi.bashi = 0 daga waje, Java za ta ƙi tun kafin furogiram ya fara aiki. Hanya ɗaya ce tak ta rage bashi, wato ta ƙofar biya, a bakin ƙofar kuwa akwai mai gadi: kuɗin ya wuce sifili, kada kuma ya wuce bashin. Wannan shi ne killacewa. Amfaninsa biyu ne. Na farko, in bashin wani ya fito ba daidai ba, layuka kaɗan za a duba. Na biyu, wanda ya fi girma, ana iya canza cikin nau'i ba tare da na waje sun sani ba. In gobe makaranta ta ce a riƙa ajiye ranar kowane biya da lambar rasit, a cikin Ɗalibi kaɗai za a yi gyara, muddin ƙofofin suna nan yadda aka san su. Mai zuwa wurin ma'aji ba ruwansa ko an canza littafi daga mai bango ja zuwa mai bango baƙi.

Wanda ya fi kowa nanata wannan shi ne Alan Kay, ɗan Amurka, wanda ya jagoranci ƙirƙiro harshen Smalltalk a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a farkon shekarun 1970. Kay ya karanta lissafi da ilmin halittu, saboda haka ya ɗauki abu kamar ƙwayar halitta ta jiki: kowace tana da fatarta, ba mai leƙa cikinta, sai dai su yi ta aika wa juna saƙo. Daga baya ya yi ta cewa mutane sun fi mai da hankali ga abubuwan, alhali saƙon da ke tsakaninsu shi ne babban al'amari. 'Yan ajin kimiyya za su gane wannan kwatanci fiye da ni. Abin sha'awa kuma, yara 'yan makaranta suna cikin waɗanda aka fara gwada Smalltalk da su.

Wani abin lura a nau'inmu shi ne abin da muka bari. Ba mu rubuta tsawon Ladi ba, ko garinsu, ko waƙar da take so. Furogiram na kuɗin makaranta ba ya bukatarsu. Da na asibitin makaranta ne, da nauyinta da rukunin jininta sun shigo, bashi ya fita. Zaɓen abin da za a ɗauka da abin da za a bari shi ne rabin aikin, kuma da takarda da fensir ake yin sa.

Sai batun gado, wato gadon da ɗa yake ci, ba na kwanciya ba, ko da yake yanzu za ku ga na kwanciyar ma ya shigo. A makarantu da yawa akwai 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo. Dukansu ɗalibai ne, suna da suna da bashi. Amma ɗan kwana yana da ɗaki da lambar gado. Maimakon mu sake rubuta kome daga farko, sai mu ce class ƊanKwana extends Ɗalibi, mu ƙara ɗaki da lambar gado kawai. Kalmar extends tana cewa sabon nau'in ya gaji duk abin da Ɗalibi ya iya. In an gyara aikin biya a wurin uba, 'ya'ya duka sun sami gyaran. Kuma duk inda furogiram yake neman Ɗalibi, ana iya miƙa masa ƊanKwana, domin ɗan kwana ai ɗalibi ne.

Daga nan ne abu na gaba ya fito, wanda sunansa na Turanci ya fi tsoratar da masu koyo, amma kullum kuna ganinsa. In an kaɗa ƙararrawar tashi, mai kaɗawa ba ya bin mutane ɗaya-ɗaya yana cewa kai tafi ɗakin cin abinci, ke kama hanyar gida. Sau ɗaya yake kaɗawa, kowa ya san abin da ƙarar take nufi a gare shi. Haka a Java, nau'in da ya ci gado yana iya sake rubuta wani aiki na uba ta hanyarsa. A ce Ɗalibi yana da aiki mai suna kuɗinZango. Na ɗan jeka-ka-dawo kuɗin karatu ne kawai, na ɗan kwana har da abinci da masauki. Furogiram zai bi jerin ɗalibai ɗari shida yana aika wa kowa saƙo iri ɗaya, kowane abu ya amsa bisa ga nau'insa na ainihi. Saƙo ɗaya, amsa iri-iri. In baɗi aka buɗe ajin yamma na manya masu nasu kuɗi dabam, sabon nau'i kawai za a rubuta. Sashen da yake bin jeri yana tara jimla ba za a taɓa shi ba, kuma abin da ba a taɓa ba, ba a ɓata shi ba.

Sai dai dole in ja kunnenku game da gado, domin masu koyo sukan ƙaunace shi fiye da kima. Ɗauki misalin da aka saba bayarwa: nau'in Tsuntsu yana da aikin tashi sama, sai aka ce Jimina ta gaji Tsuntsu. To ga jimina da aikin da ba ta iya ba. Namu misalin ma yana da irin wannan lahani. Me zai faru in iyayen Bitrus suka ƙaura a tsakiyar shekara, ya koma ɗan kwana? A Java abu ba ya canza nau'insa bayan an haife shi. Sai dai a yi sabon Bitrus a kwashe masa bayanan tsohon, a kuma bi duk inda aka ajiye sunan tsohon a gyara. Ga shi mun koma wurin littafi mai rubutun hannu uku. Hanyar da ta fi ita ce a bar Ɗalibi nau'i ɗaya, a ba shi wani abu dabam mai suna Masauki ya riƙe. Masauki yana iya zama na gida ko na makaranta, shi ne zai faɗi nasa kason na kuɗin zango, ana kuma iya musanya shi a kowane lokaci. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wannan halin jininsa ne har abada, ko riga ce da zai iya tuɓewa? In riga ce, a ba shi ya riƙe, kada a sa ya gada. Wani sanannen littafi da masana huɗu suka wallafa a 1994 mai suna Design Patterns ya ba da wannan shawara, sababbin harsuna kuma irin su Go na 2009 da Rust ba su da gadon nau'i sam.

Java kanta ba ita ta fara ɗaukar darasin Simula ba. Bjarne Stroustrup, ɗan ƙasar Denmark, ya yi amfani da Simula lokacin da yake karatun digirinsa na uku a Cambridge, ya ji daɗin tsarinsa amma ya ga yana da nawa. A 1979 a ɗakunan binciken Bell a Amurka ya fara ƙara nau'o'i a kan harshen C, abin da aka sa wa suna C++ a 1983. Java kuwa James Gosling, ɗan Kanada, da abokan aikinsa a kamfanin Sun Microsystems ne suka fara ta a 1991, don ƙananan na'urorin gida, da sunan Oak. An fitar da ita ga jama'a a 1995, daidai lokacin da intanet take bunƙasa. Sun rage wasu wahalhalun C++: nau'i ba ya gadon uba fiye da ɗaya, kuma Java da kanta take share abubuwan da babu sauran sunan da yake nuna su, don kada ma'ajiyar kwamfuta ta cika. Kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010. Bankuna da yawa suna aiki da Java, kuma manhajojin wayoyin Android masu yawan gaske da ita aka rubuta su, ko da yake tun 2019 Google ya fifita harshen Kotlin. Wanda ya gane nau'i da abu a Java ba zai sha wuya ba in ya tarar da su a Python ko C#, kalmomin ne kawai suka ɗan bambanta.

Ga aikin hutu ga mai so, ba ya bukatar kwamfuta ko wutar lantarki. Ɗauki laburarenmu. Rubuta nau'o'in da kake gani a ciki, kowane da abin da ya sani da abin da ya iya yi, ka kuma ja layi a ƙarƙashin bayanan da ya kamata a kulle. Za ka fara da Littafi da Ɗalibi, babu shakka. Amma a ce muna da kwafi goma sha biyu na littafin lissafi ɗaya, uku suna hannun mutane, ɗaya ya yage. Abu ɗaya ne ko goma sha biyu? Ranar da za a dawo da littafi kuma, wa ya kamata ya riƙe ta: littafin, ko ɗalibin, ko wani abu na uku da ba ka rubuta ba tukuna? Wanda ya sami amsa ya kawo mini a ɗakin malamai a makon farko na sabon zango.